Kwamfutar da ke yin barci murfinta a buɗe

Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta ganin murfinta. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan an rufe murfin akwai wani maɓalli da yake dannawa, wasu kuma suna zaton kyamarar da ke saman sikirin ce take lura da shigar duhu, amma a yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a a yau babu ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Abin da ke akwai shi ne ɗan guntun maganaɗisu da aka ɓoye a gefen murfin, da kuma wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba a cikin gangar jikin kwamfutar, wadda masu gyara ke kira sensa, kuma ba ta da wani aiki sai jin kusantar maganaɗisu. Idan murfin ya sauko, maganaɗisun ya matso kusa da ita, sai ta sanar da cewa an rufe, kwamfutar ta kashe sikirin ta shiga barci. Matsalar da nake son yin magana a kanta ta taso ne daga nan, domin sensar ba ta da hanyar bambance maganaɗisun murfinta da kowane maganaɗisu na duniya, kuma a zamanin nan teburanmu da aljihunanmu da wuyan hannayenmu cike suke da shi.

Aikina ya haɗa da kula da kwamfutocin wata makaranta, kuma ta wannan hanya na ga yadda wannan ƙaramin al'amari yake jawo wa mutane asarar da ba ta da dalili. Mutum zai kawo kwamfuta lafiyarta ƙalau, yana cewa tana ɗaukewa da kanta, alhali an riga an yi mata fomatin, an sauya batir, wani lokaci ma an ce masa bod ɗin, wato babban allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, shi ne ya lalace. Wannan shi ne abin da ake cewa an bar jaki ana dukan taiki, kuma abin yana yi mini ciwo musamman idan ɗalibi ne, wanda sai da iyayensa suka yi tattalin watanni kafin su saya masa ita.

A tsofaffin kwamfutoci abin a fili yake. Akwai wani ɗan tsinke na roba kusa da hinjin da ya haɗa murfi da gangar jiki, wanda murfin ke dannawa idan ya sauko, kuma duk wanda ya riƙe irin waɗannan kwamfutoci zai tuna cewa ana iya danna shi da farce sikirin ya mutu. Aibinsa shi ne ƙura tana shiga ramin, tsinken ya maƙale ko ya karye. Wasu masu ƙira sun koma ga wani makunni da aka ƙirƙira a ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka a shekarun 1930, wato siraran ƙarafa biyu a cikin ɗan bututun gilashi, waɗanda ke haɗuwa idan maganaɗisu ya kusance su. Irinsa ne har yau ake sakawa a ƙofofi da tagogi domin ƙararrawar tsaro. Amma gilashi yana fashewa, kuma kwamfutoci sai ƙara sirancewa suke yi, saboda haka aka tsaya a kan na'urar da babu abin da ke motsi a cikinta ko kaɗan.

Asalin wannan na'ura binciken Edwin Hall ne, wanda ya yi a shekarar 1879 yana ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka. Ya tura wutar lantarki ta cikin wani fallen zinariya mai sirantaka ƙwarai, ya sanya shi a tsakanin bakunan maganaɗisu, sai ya tarar cewa wani ɗan bambancin ƙarfin lantarki ya bayyana tsakanin gefe da gefen fallen. Dalili kuwa shi ne maganaɗisu yana karkatar da ƙwayoyin lantarkin da ke tafiya, ya tara su a gefe guda, ɗaya gefen kuma ya rage. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne ya ga wannan shekaru 18 kafin J. J. Thomson ya gano ita kanta ƙwayar ilektoron a 1897, wato ya auna tasirin abin da ba a riga an san shi ba. A cikin zinariya bambancin ƙanƙane ne ainun, shi ya sa binciken ya daɗe bai fita daga ɗakin gwaji ba, sai da aka ƙware a sarrafa silikon da dangoginsa, inda bambancin ya fi girma kuma ake iya haɗa fallen da na'urar ƙara ƙarfi a kan guntu ɗaya.

Sensar da ke cikin kwamfutarka ke nan. Tana auna ƙarfin maganaɗisun da ya ratsa ta, tana kwatanta shi da wani mizani da aka ɗora mata tun daga masana'anta, idan ya haura mizanin ta ce an rufe, idan ya sauka ƙasa da wani mizani na biyu wanda ya ɗan fi na farkon ƙanƙanta ta ce an buɗe. An bar wannan tazara tsakanin mizanan biyu ne domin kada ta riƙa kai da komo idan murfin ya tsaya a kan iyaka. Mizanin bai wuce 'yan militesla kaɗan ba, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin maganaɗisu da shi, kuma militesla ɗaya mikrotesla dubu ne. Domin a fahimci girman wannan, ƙarfin maganaɗisun duniya kanta, wanda ke juya allurar kamfas, yana tsakanin mikrotesla 25 zuwa 65 ne gwargwadon wuri, wato ya yi ƙasa ƙwarai da abin da zai motsa sensar, alhali ɗan maganaɗisun da aka yi da ƙarfen niyodimiyam, wanda bai fi maɓallin riga ba, yana iya kai ɗaruruwan militesla a fuskarsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori kuma ba su damu da wane baki na maganaɗisun ya fuskance su ba, na arewa ko na kudu, duk ɗaya ne a wurinsu.

Abin da ya sa dabarar take aiki da kyau shi ne yadda ƙarfin ƙaramin maganaɗisu yake raguwa da sauri idan an yi nisa da shi. Idan aka ninka nisan sau biyu, ƙarfin yana komawa wajen kashi ɗaya cikin takwas, idan kuma aka ninka shi sau goma, yana komawa wajen kashi ɗaya cikin dubu. Saboda haka maganaɗisun da ke saman murfi, lokacin da murfin ke tsaye, kamar babu shi ne a wurin sensar, sai ya rage 'yan milimita ko santimita ɗaya zuwa biyu kafin ta ji shi. Wannan ƙa'ida ita ce kuma take bayyana abin da ke ruɗa mutane, wato yadda matsalar take zuwa tana tafiya ba tare da wani tsari da ido zai gani ba. Waya tana ajiye a gefen kwamfuta tun safe babu abin da ya faru, sai aka ɗan tura ta da gwiwar hannu ta matsa da faɗin yatsa biyu, nan take sikirin ya mutu. Mai kwamfutar ba zai taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu ba, domin a ganinsa wayar tana nan inda take.

Saƙon sensar ba ya zuwa wurin Windows kai tsaye. Yana fara isa ga wani ƙaramin guntu a kan bod wanda ke kula da kibod da caji da fanka da fitilun gefe, kuma shi wannan guntu yana aiki ko da kwamfutar tana kashe. Daga nan ne ake miƙa labarin ga manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta hanyar tsarin ACPI, wanda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996 domin daidaita yadda ake sarrafa wuta da barci. A duk tsawon wannan hanya babu wanda yake tambayar ko da gaske an rufe murfin. Lamarin ya yi kama da maigadi makaho wanda ya san maigida da ƙanshin turarensa kawai, duk wanda ya shafa irin turaren zai buɗe masa ƙofa, kuma ba za a ce ya yi sakaci ba, tunda abin da aka koya masa ke nan.

Da a ce maganaɗisu mai ƙarfi abu ne mai wuyar samu, da babu wanda zai damu da wannan rauni. A farkon shekarun 1980 ne masu bincike a kamfanin General Motors na Amurka da na Sumitomo na Japan, kowanne a nasa ɓangaren, suka samar da maganaɗisun da aka haɗa da niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron, wanda ya fi duk na gabaninsa ƙarfi. Da ya yi araha sai ya shiga komai. Yana cikin sifikar waya da ta kwamfuta, yana cikin akwatin iyafis wanda ke rufe kansa da ɗan sauti, yana cikin rigar waya mai marfi, da maɓallin jakar hannu ta mata, da maɗaurin agogo, da cajar agogon zamani, da maƙalin hijabi da ya maye gurbin fil a wurin mata da yawa, da awarwaron da ake tallatawa da sunan maganin ciwon gaɓoɓi. Kamfanin Apple ya fitar da murfin iPad 2 mai maganaɗisu a 2011, sannan daga iPhone 12 a 2020 ya saka zoben maganaɗisu a bayan wayar kanta, wasu kamfanoni da masu yin rigunan waya kuma suka bi sahu. Apple da Dell duk sun yi gargaɗi a shafukansu na taimako cewa irin waɗannan kayayyaki suna iya sa kwamfuta barci ba zato.

Wata malama da muke aiki tare ta kawo mini tata tana cewa, "Malam, wannan kwamfutar ta ishe ni, da zarar na fara rubutu sai ta ɗauke, amma idan yarona ya karɓa yana kallo a kanta sai ta wuni lafiya." Na ce mata, "Hajiya, ki zauna ki rubuta mini layi biyu kamar yadda kika saba, ni dai kallo zan yi." Ta ɗora hannayenta a kan kibod, hannun hagu ya kwanta a gefen gaba inda ake jingina tafin hannu, kafin ta gama kalma ta uku sikirin ya yi baƙi, fitilar gefe ta fara lumshewa a hankali. A wuyan hannunta akwai agogo mai maɗauri na saƙar ƙarfe, irin wanda ba shi da rami ko ƙugiya, maganaɗisu ne a bakinsa yake kama shi, kuma bakin yana zama daidai ƙarƙashin wuyan hannu, wurin da ke gogar jikin kwamfutar. Ta cire agogon ta ajiye a kan kujera, ta rubuta shafi guda babu abin da ya faru. Yaron da take magana a kansa ba ya ɗaura agogo, shi ya sa kwamfutar take yi masa biyayya.

Wanda ya fi wannan yawa, kuma ya fi cutarwa a ganina, shi ne ɗora kwamfuta a kan kwamfuta. Duk wanda ya shiga kasuwar kayan kwamfuta, ko a titin Beirut a Kano ko a Ikeja a Legas, ya san yadda ake jera kwamfutocin hannu da aka shigo da su daga Turai da Amurka, iri ɗaya a tuli ɗaya, saboda shago ba shi da faɗi. Haka ma a ɗakin kwamfuta na makaranta da ofisoshin da ke raba wa ma'aikata kaya iri guda. Idan mai saye ya zo, abu mafi sauƙi shi ne a buɗe ta sama a kunna ta a inda take. To, ta ƙasa tana rufe, kuma murfinta ne a sama, wato maganaɗisunta yana manne da gindin ta sama. Da yake ƙirarsu ɗaya ce, maganaɗisun murfin ta ƙasa yana daidai ƙarƙashin sensar ta sama, babu kuskure ko na yatsa guda, abin da ya raba su kawai kaurin gangar jikin ta sama ne, wanda a siraran kwamfutocin yanzu bai taka kara ya karya ba. Sensar ta ji maganaɗisu daga ƙasa maimakon daga sama, ita kuma ba ta san sama da ƙasa ba.

Abin da ke biyo baya ya danganta da ƙirar kwamfutar. Wata za ta tashi ta nuna tambarin kamfani sannan ta yi barci da zarar Windows ta buɗe, wata za a ji fanka tana juyawa fitila tana ci amma sikirin baƙi ƙirin, wata ma za ta yi kamar ba a danna maɓallin kunnawa ba. Na tsaya a wani shago inda wani matashi mai gyara yake fama da irin wannan. Ya cire ram, wato ɗan allon ƙwaƙwalwar aiki na kwamfutar, ya goge da tsumma ya mayar, ya sauya caja, ya haska tocilan a kan sikirin ko zai ga inuwar rubutu, duk a kan wata kwamfutar da ke rufe wadda ya mayar da ita teburin aiki. Ubangidansa, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, yana daga ciki yana shan shayi, sai ya ce masa, "Kai yaro, sauke ta daga kan 'yar'uwarta tukuna." Yaron ya ɗaga ta da hannu biyu, tun kafin ya kai ta kan benci sikirin ya haska. Da dattijon ba ya nan, da mai kwamfutar ya koma gida da labarin cewa sikirin ko bod ya mutu, kuma yaron ba da niyyar cuta zai faɗa masa haka ba, iyakar abin da ya gani ke nan.

A kwamfutocin da murfinsu ke juyawa har baya su zama kamar allon hannu, irin su Lenovo Yoga da aka fara fitarwa a 2012, alamar takan zo ta wata fuska, domin wasunsu suna amfani da irin wannan sensa wajen gane cewa an naɗe su, sai su kashe kibod da wurin jan yatsa da gangan. Maganaɗisun waje yana iya sa kibod ya daina aiki alhali sikirin yana nan a kunne. Kwamfutocin MacBook masu guntun tsaro na T2, waɗanda suka fito daga 2018, da waɗanda suka biyo bayansu, suna yanke makirfo daga cikin bod idan an rufe murfi domin kare sirri, kuma wannan ma da labarin sensar murfi yake dogara.

Ba kowace ɗaukewa ce ta maganaɗisu ba, kuma rarrabe su ba shi da wuya idan aka lura da yadda kwamfutar take dawowa. Wadda maganaɗisu ya sa barci tana farkawa da aikinta kamar yadda aka bar shi, takardar da ake rubutawa tana buɗe, sai dai ta nemi kalmar sirri, kuma fitilarta tana lumshewa tana buɗewa a lokacin barcin. Wadda zafi ya kashe, abin da ya fi yawa a watannin Maris zuwa Mayu da kuma bayan ƙurar hunturu ta toshe hanyar iska, sai an ji fanka tana gurnani gindinta ya yi zafi, sannan ta mutu gaba ɗaya, kuma idan ta tashi daga farko take farawa. Wadda batirinta ya ƙare tana mutuwa ne daidai lokacin da aka ɗauke wuta ko aka taɓa cajar. Idan kuwa wayar da ta ratsa hinji zuwa sikirin ce ta gaji, hoton zai riƙa rawa ko ya canza launi yayin da ake motsa murfin, sauti kuma yana ci gaba da fita.

Kwamfutar ma tana rubuta dalilin barcinta, sai dai mutane ƙalilan ne suke dubawa. A Windows, cikin Event Viewer, a ƙarƙashin bayanan System, akwai shigarwa mai lamba 42 daga Kernel-Power wadda ke faɗin lokacin da aka shiga barci da dalilinsa, kuma idan murfi ne za a ga an ambace shi. A sababbin kwamfutoci masu barcin zamani lambar 506 ce take nuna hakan. A Mac, umarnin pmset -g log yana fitar da jerin barci da farkawa, kuma kalmar Clamshell a wurin dalili tana nufin kwamfutar ta ɗauka an rufe ta. A Linux ana iya leƙa cikin /proc/acpi/button/lid a ga ko tana cewa murfin a buɗe yake ko a rufe a daidai wannan lokacin. Idan rubutun ya ce murfi, kai kuma ka san ba ka taɓa murfin ba, to bincike ya ƙare a kan abu biyu, ko dai akwai maganaɗisu a kusa, ko kuma sensar ce ta samu matsala.

Ina ba kowa shawara ya san inda tasa sensar take, domin ba wuri ɗaya kamfanoni ke saka ta ba. A ɗauki kilif ɗin takarda ko ƙaramin fil, a bi gefen sikirin da shi a hankali, inda ya manne nan maganaɗisun yake, kuma wurin da wannan gefe ke sauka a kai idan an rufe murfin nan ne sensar take. A wasu kwamfutoci za a samu wurare fiye da ɗaya, saboda akwai maganaɗisun da aikinsa riƙe murfin ne kawai kada ya buɗe a cikin jaka, a wasu kuma an juya tsarin, sensar tana cikin murfi maganaɗisun yana cikin gangar jiki. Wanda yake son tabbatarwa sai ya adana aikinsa, ya ɗauki akwatin iyafis ya bi gefunan kibod da shi, zai ga daidai inda sikirin ke mutuwa. Daga ranar ya san kusurwar da ba a ajiye waya a kanta.

Akwai tsoron da ya kamata a rage, wato cewa maganaɗisu zai goge abin da ke cikin kwamfuta. Wannan tsoro yana da asali, domin kaset da faifan filofi da baƙin layin da ke bayan katin ATM duk maganaɗisu yana iya lalata su, kuma waɗanda suka yi zamani da talabijin mai ƙeya sun ga yadda sifika ke ɓata launi a kusurwar hoto. Amma ma'ajiyar SSD da ke cikin yawancin kwamfutocin yanzu ba da maganaɗisu take riƙe bayanai ba, cajin lantarki take tarawa a cikin ƙananan ɗakuna na silikon. Shi kuma tsohon faifan ajiya mai juyawa, a cikinsa ma akwai maganaɗisun niyodimiyam mai ƙarfi wanda ke motsa hannun da ke karatu, 'yan santimita kaɗan daga faifan, kuma bai hana shi aiki ba. Maɗaurin agogo ko rigar waya ba za su goge maka komai ba. Babban maganaɗisu irin na masana'anta kam ba abin wasa ba ne kusa da faifai mai juyawa, amma ba shi ne ke kan teburin yawancinmu ba.

Haɗarin gaske yana cikin lokacin da barcin ya zo. Kwamfutar da ta yi barci ana tsakiyar kwafar fayil zuwa filashi tana iya barin fayil ɗin a gurgunce, wadda ta ɗauke ana jarrabawa ta intanet ko ana taro ta bidiyo ta yanke haɗin, kuma agogon jarrabawa ba ya jiran kowa. Lokacin sabunta BIOS kuwa, wato manhajar da ke kan bod wadda ke tayar da kwamfutar, aikin da ba a son komai ya katse shi, ni ba na yarda a yi shi sai a kan tebur da aka share, babu waya, babu sifika, babu wata kwamfuta a ƙasa.

Maganin da ake yawan ba mutane shi ne su shiga Power Options a Windows, wurin zaɓen abin da rufe murfi zai yi, su mayar da shi kada ya yi komai, ko kuma a Linux a sa HandleLidSwitch=ignore a cikin fayil ɗin logind.conf. Wannan zaɓi yana da amfaninsa, misali ga wanda ke haɗa kwamfutarsa da babban sikirin yana aiki murfi a rufe, amma a matsayin maganin wannan matsala ban yarda da shi ba. Da farko, a kwamfutoci da yawa sikirin zai ci gaba da mutuwa duk da haka, domin hana barci daban, kashe hasken sikirin da ake ganin an rufe daban. Na biyu kuma ya fi muhimmanci: ranar da mutum ya rufe murfin da gaske ya jefa kwamfutar cikin jaka ya hau babur ko mota, za ta ci gaba da aiki a wurin da babu iska, cikin zafin da muka sani, batirin ya ƙone caji a banza, kuma zafi mai yawa yana rage wa batirin litiyam kwana, har ya kai shi ga kumbura. An kashe abin da ke kare kwamfutar domin a guje wa cire agogo. Wasu masu gyara ma sukan cire sensar daga kan bod ɗungurungum, kuma wannan ban ga hujjarsa ba sai idan ta lalace kuma an rasa madadinta, sannan a faɗa wa mai kayan abin da aka yi da abin da zai biyo baya.

Sensar kan lalace da gaske, musamman idan ruwa ko shayi ya zuba ta gefen da take, sai ta maƙale a kan cewa murfin a rufe yake. Alamar ita ce babu maganaɗisu a kusa, an ɗauke kwamfutar zuwa wani ɗaki, amma har yanzu sikirin baƙi ne, alhali idan aka haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI hoto yana fitowa lafiya. A kwamfutoci da yawa tana kan wani ƙaramin allo na daban tare da fitilun gefe ko ramin iyafis, wanda sauya shi bai kai ko kusa da kuɗin sauya bod ba. A wasu sababbin MacBook kuwa, tun daga mai inci 16 na 2019, an koma ga sensar da ke auna kusurwar buɗewar murfi daga wurin hinji, kuma sauya irin wannan yana buƙatar a daidaita ta da manhajar kamfanin, saboda haka ba kowane shago ne zai iya kammala aikin ba.

Akwai kuma kishiyar matsalar, wadda take bin bayan sauya sikirin. Idan murfi ya fashe aka kawo wani, ɗan maganaɗisun yakan faɗi lokacin da ake ɓalle firam ɗin roba, ko ya tafi tare da tsohon murfin, ko ya manne a jikin sukundireba ba a lura ba, tunda bai fi ƙwayar wake ba kuma ɗan gam ne kawai yake riƙe da shi. Kwamfutar za ta yi aiki daidai a gaban mai gyara, sai an je gida a tarar ba ta barci idan an rufe ta. Shi ya sa duk wanda aka sauya wa sikirin ko murfi, kafin ya biya kuɗi ya bar shagon, ya kunna kwamfutar a kan benci ita kaɗai, ya sauke murfin a hankali yana leƙen hasken ta gefe. Ya kamata hasken ya mutu tun murfin bai gama haɗuwa da gangar jiki ba, fitilar gefe kuma ta fara lumshewa bayan 'yan daƙiƙu. Idan murfin ya rufe ruf haske yana nan yana fita ta tsakani, a sake buɗe firam ɗin a nemo maganaɗisun, a mayar da shi raminsa.